Darasin Faɗuwa

Shekarata arba'in da bakwai, ina gyaran lifta a Morioka.
Na san yadda ake hana ƙarfe rikitowa daga hawa na goma,
amma ranar da uwata ta zame kan ƙanƙara a bakin shagon kifi,
ina tsaye taku biyu da ita, hannuwana cike da leda,
ban tare ta ba.
Ƙashin ƙugunta ya karye. Ni ma wani abu ya tsage mini.

Likita ya ba ta haƙuri, ni kuwa ya dubi tumbina
ya ce, "Wannan ma ciwo ne, yana tafe."
Sai na fara zagaya gidajen horo da dare,
kamar mai neman ɗakin haya, ina leƙe, takalmi a hannu.

Na fara da karate, a saman shagon wani mai kekuna.
Yara ashirin, ihu ɗaya,
naushi na keta iska kamar ana yaga sabon yadi.
Na daɗe ina kallo kafin na tambayi kaina: wa zan nausa?
Mutumin da nake jin haushi,
shi nake aske wa gemu kowace safiya.

Kendo ya burge ni, ba zan ɓoye ba:
takobin gora, fuska a cikin keji, diddige na dukan katako.
Na tambayi kuɗin sulke, aka faɗa, na sunkuya na yi godiya,
na fito ina lissafin maganin tsohuwa.
Ga shi kuma na gaji da ɓoye fuska;
shekara nawa ina yin haka kyauta.

Tsuneo, abokin aikina, ya ce, "Damben Tailan, mutumina!
Wata uku ka koma kamar tsinken cin shinkafa."
Gwiwata ta hagu ta ji, ta yi ƙas, ta ba shi amsa.

Daren Laraba, ƙanƙara har idon sawu,
na shiga wani tsohon zauren judo bayan ofishin 'yan kwana-kwana.
Warin tabarma da gumi. Hita ɗaya, ita ma tana tari.
Malama Kuramochi, dattijuwa, baƙar ɗamararta ta koɗe ta zama toka,
ta dube ni sama da ƙasa, ba ta tambayi shekaruna ba.
Ta ce, "Ka iya faɗuwa?"
Na ce na sha yi.
Ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba."

Wata biyu ban kayar da kowa ba.
Sai dai in faɗi, in mari tabarma, in tashi, in sake.
Haɓa a ƙirji. Kada ka tokare da hannu.
Mai jayayya da ƙasa shi ke karyewa.

Ranar nan Chisato, 'yar sakandare, rabin nauyina,
ta ɗauke ni a ƙugu kamar buhun auduga.
Rufin ɗaki ya gifta, fitilu, agogo a kife,
na sauka, na ji ƙarar marin, na jira zafi.
Bai zo ba.
Dariya ce ta zo, wadda na manta inda na ajiye ta.
Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Har yau ɗamarata fara ce.
Tumbin ya ja baya, amma da kaɗan, kamar mai jin kunya.

Ran Lahadi uwata ta ga shatin jini a dantsena.
"Wa ya doke ka?"
Na ce ƙasa.
"Ka rama?"
Na ce a'a, mun shirya.

Muka fita sayen kifi, tana dogara sanda, ina gefenta na hagu.
Yanzu jaka nake goyawa a baya.
Hannuwana biyu babu komai a ciki.